Motar Aro Ta Lotsa: Wa Za Ya Biya?

Ina da ƙane wanda ya ke aikin jinya a wani asibiti a arewacin Ingila. Kwanakin baya ya aiko mini da doguwar wasiƙa ta waya, ransa a ɓace, yana neman shawara. Da na karanta sai na ga maganar ba tasa ba ce shi kaɗai, gama kowane ɗayanmu ya taɓa riƙe kayan wani a hannunsa, ko kuwa ya bar nasa a hannun wani. Domin wannan na nemi izininsa in kawo ta nan mu duba tare.

Ga yadda abin ya faru. Yana da mota wadda ya saya sabuwa, garantinta bai ƙare ba tukuna. Sai wata fitilar gargaɗi ta riƙa kamawa a gaban direba, injin kuma ya kan rage ƙarfi wani lokaci a kan hawa. Gyara irin na garanti ba a kai shi ko'ina sai garejin dillalin da masu ƙera motar suka yarda da shi, saboda haka can ya kai ta. Suka ce masa kwana biyu. A ƙasar kuwa akwai wata al'ada: in mutum ya bar motarsa domin gyara, garejin ya kan ba shi aron wata ƙaramar mota ya riƙa zirga-zirga da ita har a gama. Sunan da su ke kiranta da shi, ma'anarsa motar karamci. Kafin su ba shi makulli suka miƙa masa takarda. Yana sauri ya kama aikin safe, ana kuma yayyafi, ya sa hannu bai karanta ba, bai kuwa zaga motar ya duba jikinta ba. A cikin takardar an rubuta cewa inshorar garejin ta rufe motar, amma kowace ɓarna da ta same ta, fam 500 na farko a wuyan mai aro su ke.

Kwana biyu suka zama tara. In ya buga waya sai a ce za a kira shi, ba a kira. Yau a ce ana jiran kayan gyara, gobe a ce makaniken da ya san aikin ba ya nan. Ran kwana na huɗu, sa'ad da ya ke ƙoƙarin tsayar da motar aron a bakin hanya, ya gurje wilin gaba a jikin dakali. Ran na bakwai ya fito daga kanti ya tarar ƙofar baya ta lotsa, wanda ya buge ta kuwa ya riga ya tafi, ba wanda ya gan shi. Ran na tara ya mayar da motar. Akawun garejin ya ga ƙofar, bai ga wilin ba, ya ce sai a biya fam 500. Tasa motar kuwa, suka ce kwamfutarsu ba ta nuna musu wani ciwo ba. Ya tarar an ƙarce bambar baya, kafin ya isa gida kuma fitilar nan ta sake kamawa.

Ga abin da ya tambaye ni: "Yaya, ƙofar nan ba ni na buge ta ba, don me zan biya? Wilin kam ni na gurje, amma ba su gani ba. Mutanen da suka riƙe mini mota kwana tara, suka ƙarce ta, ba su kuwa gyara kome ba, ashe sai in koma in ba su wata wuƙar su ƙara yanka ni? Ba sai mu ce an yi kunnen doki ba?"

Tambayoyi uku ke nan a dunƙule: ƙofar da bai buge ba, wilin da ba a gani ba, da motarsa da aka wulakanta. Bari mu warware su ɗaya ɗaya, gama gauraya su da ya yi shi ya sa ya rasa amsa.

Kayan Aro A Hannun Mai Aro

Harshenmu ya raba aro da rance. In ka ranci mudu biyu na gero, ba wannan geron za ka mayar ba, wani za ka auna ka kawo. Amma in ka ari tsani, wannan tsanin kansa za ka mayar. Bai taɓa zama naka ba ko na sa'a ɗaya. Daga nan tambayar ta taso tun zamanin dā: in abin ya lalace a hannunka, ba da nufinka ba, hasarar ta wa ce?

Dokar Musa ba ta yi shiru a kan wannan ba. A cikin Littafin Fitowa, sura 22, aya 14 da 15, an yi maganar mutumin da ya ari dabba wurin maƙwabcinsa, ta ji ciwo ko ta mutu. In mai dabbar ba ya wurin, mai aro za ya biya duka. In mai dabbar yana wurin, babu biya. Mai karatu ya lura, ba a tambayi ko laifin mai aron ne ba. A ayoyin da ke gaba da waɗannan, daga 10 zuwa 13, inda aka yi maganar wanda aka ba ajiyar dabba, an yi masa sauƙi: in ta mutu ba wanda ya gani, rantsuwa ta ishe shi, in naman jeji ya yayyage ta ya kawo ragowar domin shaida. Ashe mai aro aka fi ɗora wa nauyi.

Don me haka? Ina ganin dalilai biyu ne. Na fari, amfanin duka nasa ne. Mai ajiya yana yi wa mai kaya alheri, mai aro kuwa shi a ke yi wa alheri, ba daidai ba ne mai alheri ya rasa amfanin sansa yau, gobe kuma ya rasa san ɗungum. Na biyu, tsaro duka a hannunsa ya ke. Shi ya zaɓi hanyar da za a bi da inda za a ɗaure dabbar. Mai ita yana nesa, ba shi da ikon ya ce a tsaya. Shi ya sa in yana wurin hukuncin ya juya, gama idonsa yana kan abinsa. Inda amfani ya ke, inda ikon tsaro ya ke, can hasara ta kan sauka.

Mutanen Allah na dā sun ji wannan nauyi a ransu. A cikin 2 Sarakuna sura 6, wani almajirin annabawa yana saran itace a bakin Urdun, ƙarfen gatarinsa ya fice ya faɗa ruwa. Ba wanda za ya ce sakaci ya yi. Duk da haka kukan da ya kai wa Elisha shi ne gatarin na aro ne. Ya san bashi ya hau kansa.

Sauran al'ummai ma sun yi fama da wannan tambaya, ko da shi ke sun fi yi wa mai riƙon sauƙi. Hammurabi, sarkin Babila wanda ya yi mulki wajen shekara 1,750 kafin haihuwar Almasihu, ya sa aka sassaƙa dokokinsa a kan dutse, an kuwa tono dutsen a 1901 a Shushan, garin nan da mu ke karantawa a Littafin Esta. A ciki akwai maganar san haya. In zaki ya kashe shi a jeji, hasarar ta mai sa ce. In ya mutu saboda sakaci ko duka, mai haya za ya biya sa a madadin sa. In ya tsiyaye masa ido, rabin kuɗinsa. Maƙwabtanmu Musulmi kuma, a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid wadda almajirai su ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, an raba kayan aro kashi biyu: abin da a ke iya ɓoyewa mai aro ya kan biya in ya ce ya ɓace, amma abin da ya ke a fili kamar dabba ba ya biya sai in ya wuce iyaka.

A Ingila kuwa, inda maganar ƙanena ta faru, tushen shari'arsu a kan wannan wata ƙara ce ta 1703, tsakanin wani Coggs da wani Bernard. Bernard ya ɗauki alkawarin kwashe gangunan barasa daga wani ɗakin ajiya zuwa wani, aka yi ganganci ganga ɗaya ta fashe. Babban alƙali Holt ya ce sai ya biya, ko da shi ke ba a nuna an ba shi lada ba, gama ya karɓi amana. A cikin hukuncin ya jera hanyoyi shida da kayan wani su kan shiga hannun wani, ya ce mai aro shi ne aka fi ɗaure wa wuya, ko sakaci kaɗan ya isa a kama shi. Ya ba da misali da doki. In an ara maka doki domin ka tafi yamma ka yi arewa da shi, ko domin wata ɗaya ka zarce wata, abin da ya same shi duka a kanka ya ke. In ka sa shi a barga aka sace, ba ka biya. Amma in ka bar ƙofar bargar a buɗe, sai ka biya.

To, ga ma'auni biyu. Na Musa ya ce mai aro ya biya ko ba laifinsa. Na Holt ya ce ya biya in akwai sakaci, kome ƙanƙantarsa. A kan na Holt ƙanena yana da bakin magana game da ƙofar, gama ya tsayar da motar a inda kowa ya ke tsayarwa, ya kulle ta. Sai dai akwai abu biyu da ba mu sa a kan sikeli ba tukuna.

Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa

Abu na fari, motar nan ba aro ne tsantsa ba. Suna kiranta ta karamci, amma dillali ɗan kasuwa ne. Shi ya sayi motar, shi ya ke biyan inshorarta, tana kuwa tsufa kuɗinta yana raguwa. Duk wannan ya riga ya lissafa shi a cikin kuɗin da ya ke karɓa na gyara da sabis. Yana ba da ita ne domin mutane su riƙa kawo masa aiki, su kuma yi haƙuri in aikin ya daɗe. Ƙarshen aya ta 15 ɗin nan ta Fitowa ya san da irin wannan, gama ya ce in dabbar ta haya ce, kuɗin hayar ya ɗauki hasarar. Wanda ya ke cin riba da kayansa ya ɗauki kasadar sana'arsa. Saboda haka ba za a ɗora wa ƙanena nauyin mai aro duka ba. Amfanin na su biyu ne, hasarar ma ya kamata ta zama ta su biyu.

Abu na biyu, takardar. In mun duba da kyau, abin da takardar ta yi ke nan, ta raba hasarar. Tun 1930 doka ta tilasta inshora a kan mai tuƙa mota a hanyoyin Ingila, masu inshora kuwa su kan bar wani kaso na farko a wuyan mai mota, domin kada mutum ya yi tuƙi kamar ba abin da za ya rasa. Da motar ta ragargaje gaba ɗaya, da dubban fam ɗin ba daga aljihun ƙanena za su fito ba. An ɗauke masa babbar hasara, an bar masa ƙarama, ya kuwa sa hannu. Cewa bai karanta ba, wannan kunyarsa ce, ba hujjarsa ba. Zabura ta 15, sa'ad da ta ke kwatanta mutumin da ya cancanci zama kusa da Ubangiji, ta sa a cikin halayensa cewa ba ya janye alkawari ko da alkawarin ya juya ya cuce shi. Sa hannu alkawari ne. Da ba abin da ya sami motar, da ya ci amfanin takardar bai ce kome ba.

Amma fa alkawarin yana da iyaka. An ce fam 500 na farko na ɓarnar, ba a ce tarar fam 500 ba. In gyaran ƙofar bai kai haka ba, abin da gyaran ya ci shi ne bashinsa. Yana da iko ya ce a nuna masa takardar mai gyaran bodi, garejin da ya ƙi nunawa kuwa ya mai da hasara ta zama hanyar riba. Dokar ƙasar ta 2015 mai kāre masu saye ta ce sharaɗin da ba na adalci ba ne ba ya ɗaure mai saye, ko da ya sa hannu. Biyan abin da ke kanka daban ne, miƙa wuya a yanka daban.

Akwai wata hujja mai ƙarfi a gefen ƙanena, ba zan ɓoye ta ba. Ya ce da sun cika maganarsu ta kwana biyu, da ran na bakwai ba ya cikin motarsu. Gaskiya ne. Misalin Holt na dokin da ya zarce wata yana sara ta kowane gefe: a nan ba mai aro ne ya zarce lokaci ba, mai motar ne ya tsawaita shi. Wannan dalili ne mai kyau na ya roƙi ragi, a fili, ba kunya. Amma ban yarda ya wanke shi sarai ba. Jinkirin garejin ba shi ya lotsa ƙofar ba. Da sun gama ran na biyu, da ran na bakwai tasa motar ce a ƙofar kantin nan, da kuwa tasa ƙofar ce ta lotsa, ya biya shi kaɗai ba wanda za ya yi wa ƙorafi.

Wilin Da Ba A Gani Ba

Yanzu mun zo inda maganar ta fi zafi, ko da shi ke ta fi sauƙin amsawa. A kan wilin babu gardama tsakanin Musa da Hammurabi da Holt. Hannunsa ne, sakacinsa ne. Abin da ya rage kaɗai shi ne ba a gani ba.

Mu dubi abin da shirunsa za ya haifar. Gurjewar nan ba za ta tafi ba domin an yi shiru. Gobe za a ba wani motar, watakila wata tsohuwa mai sauri kamar yadda shi ya yi sauri, ta sa hannu ba ta duba ba. Ran da ta dawo da ita akawun ya gani, sai a ce ita ce. Ko kuwa manaja ya gani ya tsawata wa akawun da ya karɓi motar. Ƙanena yana tsammani kamfani ya ke ramawa, alhali wani talaka irinsa ya ke ture wa kayan. Abin da aka yi masa ya ji zafi, watau a ɗora masa ɓarnar da ba shi ya yi ba, shi ne za ya yi wa wanda bai san shi ba.

Maganar kunnen doki kuma ba ta tsaya ba. In mutum biyu suna bin juna bashi, su kan zauna kowa ya faɗi nasa, a cire wannan daga wancan. Wannan halal ne. Amma in ɗaya ya ɓoye nasa ya ce a ransa ya riga ya cire, ya mai da kansa mai ƙara da shaida da alƙali gaba ɗaya, a shari'ar da abokin gabansa bai ma san ana yinta ba. Alƙali irin wannan kullum shi ya ke cin shari'a. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Fushin kwana tara ya sa ƙarcewar bambarsa ta yi masa girma kamar dutse, gurjewar wilinsu kuwa ta zama ba kome.

Ubangijinmu, a cikin Luka sura 16, ya haɗa aminci cikin ƙaramin abu da aminci cikin babba, ya kuma ɗauki yadda mutum ya ke riƙe kayan wani ya zama awon ko ya isa a ba shi nasa. Bai ce sai in mai kayan mutumin kirki ne ba. Yakubu ya yi wa Laban kiwo shekara ashirin, Laban kuwa ya sassauya masa lada sau da yawa, duk da haka a Farawa sura 31 mun ji Yakubu yana cewa dabbar da naman jeji ya kashe shi ya kan ɗauki hasararta. Domin wannan, ran da suka tsaya fuska da fuska, Yakubu ya iya ɗaga murya. Wanda hannunsa ya ke da tsabta shi ya ke da bakin neman hakkinsa.

Mudu Ɗaya Ga Kowa

Kada mai karatu ya ce fasto ya goyi bayan kamfani a kan ɗan'uwansa. Ran nan da safe makulli biyu suka sake hannu. Ƙanena ya karɓi amanar motarsu, su kuma suka karɓi amanar tasa, har ma tasu amanar ta fi nauyi, gama sana'arsu ce, lada su ke karɓa. Kubawar Shari'a sura 25 ta hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa, babba da ƙarami. Garejin da ya zaga motarsa da fitila yana neman tabo, sa'an nan ya ce bai san yadda aka yi bambar mai kawo gyara ta ƙarce ba, ma'auni biyu ya ke aiki da su.

Shari'ar ƙasarsu ma ba ta bar su ba. In kayanka sun lalace a hannun wanda ka ba riƙo, shi ne za ya nuna ba sakacinsa ba ne, gama shi ya san abin da ya faru a bayan ƙofarsa. Dokar nan ta 2015 ta ce mai aiki ya yi aikin da kula da gwaninta daidai gwargwado, in ba a yanka lokaci ba ya gama cikin lokacin da ya dace, abin da ya faɗa wa mai kawo aiki kuma har ya dogara da shi ya zama cikin yarjejeniya. In aikin bai yi ba, mai kaya yana da iko a sake yi masa ba ƙarin kuɗi, ko a rage masa kuɗi. Tun 2016 akwai ofishin sasantawa da su ke kira Motor Ombudsman, wanda ya ke jin ƙarar masu mota kyauta a kan garejin da suka yi rajista da shi, bayan an ba garejin har mako takwas ya amsa. In wannan bai yi ba, akwai hanyar ƙananan ƙararraki a kotu, wadda a Ingila ta ke ɗaukar maganar da ba ta wuce fam 10,000 ba.

Ba rashin bangaskiya ba ne mai bi ya bi waɗannan hanyoyi. Sa'ad da aka yi wa Bulus bulala a Filibi ba shari'a, bai yarda a sallame shi a ɓoye ba, ya ce mahukuntan su zo da kansu. Mai bi da ya ke haɗiye kowace cuta yana koya wa macuci ya cuci na bayansa.

Amma ya yi ƙarar da sanin yadda aikin ya ke. Ciwon da ya ke zuwa yana tafiya shi ya fi wuyar kamawa, gama mota ta kan yi lafiya lau ran da ta ga makanike, kamar yaron da zazzaɓinsa ya sauka a ƙofar asibiti. A aikin garanti kuma masu ƙera motar su ke biyan dillali, su ne kuwa su ke ƙayyade lokacin kowane aiki, saboda haka gareji ba ya son ɓata sa'o'i yana neman ciwon da kwamfuta ba ta nuna ba. Akawun da ke gaban tebur ba shi ya riƙe sifana ba, ba shi ya tsara farashi ba. Ban ga laifinsu ba da suka kasa gane ciwon. Laifinsu shi ne ba su faɗi gaskiya ba. Da sun kira shi ran na biyu suka ce ba mu gano ba tukuna, ka zaɓa ko mu ci gaba ko ka zo ka ɗauka, da rabin fushin nan bai taso ba. Mutum ya kan jure jira, abin da ba ya jurewa shi ne a mai da shi wawa.

Abin Da Na Ce Masa

Na rubuta masa na ce: "Ƙanena, ka yi takarda biyu, kada ka yi ɗaya. A ta fari ka faɗi abin da ke kanka: wilin kai ne, za ka biya. Ƙofar ta lotsa a hannunka, za ka biya abin da gyaran ya ci bisa ga abin da ka sa wa hannu, a nuna maka lissafi, ka kuma roƙi ragi saboda kwanakin da suka ƙara maka. A ta biyu ka faɗi abin da ke kansu: ranar da suka yi alkawari, ranakun da ka kira, ƙarcewar bamba, da fitilar da har yanzu ta ke kamawa. Ka aika da ta fari kafin ta biyu, domin kada gaskiyarka ta zama abin ciniki."

Bai ji daɗin amsar ba, amma ya yi. Faɗin gaskiyar ya ci masa kuɗi, gama sun karɓi kuɗin gyaran wilin. Sun rage masa wani abu a kan ƙofar, sun shafe ƙarcewar bambar, motar kuwa sai da ta koma sau biyu kafin a gano wata waya ce ta saki. In an yi lissafi da fam, shiru ya fi masa riba. Ban yi masa alkawarin gaskiya za ta mayar masa da kuɗinsa ba, ba na kuwa yi wa mai karatu wannan alkawari.

Mu a nan ba a saba ba mu motar karamci a gareji ba, amma aro bai bar gidajenmu ba ko kwana ɗaya. Babur ɗin maƙwabci, injin ban ruwa, shanun huɗa, janaretan ekklesiya da kujerunta da a ke ɗauka domin biki. Zumunci nawa ya mutu a kan babur da aka dawo da shi da dare aka jingine a zaure ba magana, sai da safe mai shi ya ga madubi ya karye? Kunya ta kan hana mu duba kaya a gaban mai shi, kada ya ce muna zarginsa, sa'an nan mu yi shekara muna zarginsa a zuci. Gara ku zaga abin tare tun da fari, ku faɗi wa za ya biya in ya lalace, in da hali a gaban mutum na uku. Wannan ba ya rage ƙauna, tsare ta ya ke yi.

In kuwa abin ya lalace a hannunka, kai ka fara faɗi, tun mai shi bai gani ba. In ya ga dama ya yafe, gama yafewa tasa ce, shi ya ke da ikon ba da ita. Amma ba ka da iko ka yafe wa kanka a madadinsa.